Tiyatar rage fatar cinya

Tiyatar rage fatar cinya, wadda kuma ake kira tiyatar ɗaga cinya, aiki ne da likitocin gyaran surar jiki ke yi domin yanke fatar da ta saki a cinya tare da kitsen da ke ƙarƙashinta, sannan a jawo sauran fatar a ɗinke ta yadda za ta kama jiki. An fi yin ta a cikin cinya, wato ɓangaren da cinyoyin biyu ke haɗuwa. Mafi yawan masu neman ta mutane ne da suka yi ƙiba sosai sannan suka rame, ko dai ta hanyar tiyatar rage tumbi, ko magani, ko sauya abinci da motsa jiki. Ba hanyar rage ƙiba ba ce, domin abin da ake yankewa kaɗan ne idan aka kwatanta da nauyin jiki gaba ɗaya, kuma wanda aka yi wa zai zauna da tabo har ƙarshen rayuwarsa. A cikin ayyukan gyaran jiki da ake yi bayan ramewa, tana cikin waɗanda rauninsu ya fi wuyar warkewa.

Suna

A Turanci ana ce mata thigh lift ko thighplasty. Kalma ta biyun haɗaɗɗiya ce: kashin farko yana nufin cinya, na biyun kuma ya samo asali daga kalmar Girkanci plassein, wadda ke nufin siffanta abu kamar yadda maginin tukwane ke siffanta yumɓu. Daga wannan tushe ne sunan roba a Turanci ya fito, shi ya sa mutane da yawa ke zaton roba ake sa wa mutum a jiki idan sun ji sunan wannan fanni na tiyata. A aikin cinya dai babu wata roba da ake dasawa.

A Faransanci, wanda asibitocin Nijar da Cadi da wani ɓangare na Kamaru ke aiki da shi, ana cewa cruroplastie, daga kalmar Latin crus. Abin lura shi ne masana sassan jiki suna amfani da crus ne ga ƙwauri, daga gwiwa zuwa idon sawu, don haka sunan bai faɗa daidai kan gaɓar da ake nufi ba, amma ya riga ya zauna. A Hausa “ɗaga cinya” fassara ce kai tsaye daga Turanci, kuma tana iya ɓatar da mai sauraro, tunda ba cinyar ake ɗagawa ba. “Rage fatar cinya” ya fi nuna abin da likita ke yi a zahiri.

Abin da ke sa fatar cinya ta saki

Fata tana miƙewa tana komawa ne saboda zaruruwa iri biyu da ke cikinta, kolajin mai ba ta ƙarfi da ilastin mai sa ta koma yadda take bayan an ja ta. Idan mutum ya daɗe da ƙiba, waɗannan zaruruwa sukan tsinke ko su raunana, kuma nankarwar da ake gani a cinya da ciki alamar hakan ce. Kitse yana iya narkewa, amma fatar da ta lulluɓe shi ba ta iya tsukewa daidai da shi. Tsufa ma yana rage ilastin, haka shan taba da gadon halitta suna da nasu tasirin. Motsa jiki yana ƙarfafa tsoka, amma ba ya mayar da fatar da ta riga ta saki.

Likitoci sukan kira ramewa “mai yawa” idan mutum ya zubar da aƙalla rabin nauyin da ya yi masa yawa, ko kuma kimanin kilo 45. A irin wannan hali fatar cikin cinya kan yi ninki-ninki tana reto har kusa da gwiwa. Lamarin ya wuce maganar kyan gani kawai. Fatar tana goge juna wajen tafiya, gumi yana taruwa a cikin ninkin, sai a samu ƙuraje da ƙaiƙayi da wari da cutar fata da ke zuwa tana dawowa, musamman a wurare masu zafi. Wasu kuma tafiya mai nisa ko samun wandon da zai yi musu daidai kan gagare su.

Tsarin cinya da dalilin wahalar aikin

Fahimtar wannan tiyata tana buƙatar sanin abubuwa uku game da cikin cinya.

Na farko, fatar wurin siririya ce fiye da ta bayan cinya ko ta baya, don haka ba ta riƙe ɗinki da ƙarfi. Na biyu, wuri ne mai ɗumi da danshi, yana kusa da al'aura da dubura inda ƙwayoyin cuta suke da yawa, kuma kowane taku da mutum ya yi yana motsa shi.

Na uku shi ne mafi muhimmanci. A saman cinya ta gaba, ƙasa da mara, akwai wani wuri mai kusurwa uku inda manyan jijiyoyin jinin ƙafa ke wucewa, kuma a nan ne ƙullutan nan suke waɗanda idan suka kumbura ake cewa mutum ya yi kaluluwa. Waɗannan ƙullutai tashoshi ne na wasu siraran hanyoyi da ke kwaso ruwan jiki mai suna limf daga ƙafa su mayar da shi cikin jini. Yawancin hanyoyin suna bin cikin cinya ne, suna tafiya tare da babbar jijiyar jini mai suna safinas wadda ta taso daga sawu ta hau har matsematsi. Idan wuƙar likita ta yi zurfi ta yanke su, ruwan ba zai samu mafita ba, sai ƙafa ta kumbura. Wanda ya taɓa ganin mai tundurmi ya ga abin da toshewar waɗannan hanyoyi ke haifarwa, ko da yake a tundurmi tsutsa ce ke toshe su. Kusan duk sauye-sauyen da aka yi wa wannan tiyata cikin shekaru sittin da suka wuce ƙoƙari ne na magance abu biyu: kare waɗannan hanyoyi, da kuma samo wuri mai ƙarfi da za a rataya nauyin fata.

Tarihi

Farkon yunƙurin gyara surar ƙafa da wuƙa bai zo da daɗi ba. A shekarun 1920 wani likita Bafaranshe mai suna Charles Dujarier ya yanke kitse daga ƙwaurin wata matashiya a birnin Faris, jini ya daina isa ƙafar, ta ruɓe, dole aka yanke ta. Kotu ta umarce shi da biyan diyya, kuma shari'ar ta daɗe tana sa likitocin Faransa ɗari-ɗari da irin wannan aiki.

A 1957 likitan Amurka John R. Lewis ya wallafa bayanin tiyatar cinya da sunan da ake kiran ta a yau. A 1964 Ivo Pitanguy na ƙasar Brazil ya bayyana yadda ake yanke kitse da fata a gefen ƙugu da bayan cinya a ɓoye tabon a ninkin ƙasan ɗuwawu. Duk da haka aikin cikin cinya bai samu karɓuwa ba a wancan lokaci, saboda fata da fata kawai ake ɗinkewa a matsematsi. Bayan 'yan watanni nauyin cinya kan ja ɗinkin ƙasa, tabon ya faɗaɗa ya sauko inda za a gan shi, a wasu mata ma har ya ja leɓɓan al'aura ya buɗe su.

Zuƙe kitse da bututu ya bayyana a shekarun 1970, ta hannun Arpad Fischer da ɗansa Giorgio a Italiya, sannan Yves-Gérard Illouz na Faransa ya kyautata shi da bututu marar kaifi. A 1987 Jeffrey Klein, likitan fata a Amurka, ya bayyana dabarar cika wurin da ruwan gishiri mai haɗe da maganin kashe zafi da adrenalin kafin a zuƙa, abin da ya rage zubar jini ƙwarai.

Babban sauyi ya zo a 1988, lokacin da Ted Lockwood na Amurka ya nuna cewa za a iya ɗinke fatar cinya a jikin wani tantani mai ƙarfi da ke matsematsi, wanda ake kira tantanin Colles, da sunan Abraham Colles, likitan ƙasar Ireland da ya bayyana shi a farkon ƙarni na 19. Da wannan dabara tantanin ne ke ɗaukar nauyin, fatar al'aura ta huta. A 2004 wasu likitocin Faransa biyu, Claude Le Louarn da Jean-François Pascal, suka bayyana hanyar fara zuƙe kitsen wurin da za a yanke, sannan a cire fatar kawai sama-sama, domin hanyoyin limf su tsira. Yawaitar tiyatar rage tumbi daga shekarun 2000 ita ta ƙara yawan masu neman aikin, kuma magungunan rage ƙiba irin su Wegovy, wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2021, sun ƙaro wasu.

Ire-irenta

Ana rarrabe aikin ne bisa inda yankan ya bi. Akwai yankan kwance, wanda ke bin ninkin matsematsi, a cire fata mai siffar jinjirin wata. Tabonsa yana ɓuya a ƙarƙashin kamfai, amma sulusin cinya na sama kawai yake gyarawa, don haka ya fi dacewa da wanda fatarsa ba ta saki sosai ba.

Akwai kuma yankan tsaye, wanda ke saukowa daga matsematsi ta cikin cinya, wani lokaci ya tsaya a tsakiya, wani lokaci ya kai gwiwa ko ya ɗan wuce. Shi ne ke rage faɗin cinya da gaske, tamkar yadda tela ke rage ƙafar wando ta wajen ɗinkin ciki, kuma shi aka fi yi wa waɗanda suka yi babbar ramewa. Farashinsa dogon tabo ne da ba ya ɓuya. Sau da yawa ana haɗa yankan biyu su ba da siffar harafin L ko T. Inda layukan suka haɗu a siffar T shi ne wurin da ɗinki ya fi saurin buɗewa, shi ya sa wasu likitoci suka fi son L.

Gefen cinya na waje da bayanta ba a cika gyara su su kaɗai ba. Akan haɗa su cikin babban aikin da ke zagaye ƙugu kamar ɗamara, a ɗaga ɗuwawu da ciki da cinya lokaci guda.

Zuƙe kitse kaɗai wani abu ne daban. Yana yi wa mai ƙuruciya wanda fatarsa ke da ƙarfin komawa, amma idan fata ta riga ta saki, zuƙe kitsen da ke ƙarƙashinta ƙara mata reto yake yi.

Wanda ya dace a yi wa

Sharaɗi na farko shi ne nauyin jiki ya tsaya. Likitoci sukan so ya kasance bai sauya ba na wata uku zuwa shida, kuma ga wanda aka yi wa tiyatar rage tumbi akan jira shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Idan aka yi gaggawa mutum ya ci gaba da ramewa, fatar za ta sake saki. Ana kuma duba ma'aunin ƙiba, wanda ake samu ta raba nauyi a kilo da tsawo a mita sau kansa. Misali mai kilo 90 da tsawon mita 1.70 ma'auninsa ya ɗan haura 31. Daga 30 zuwa sama ana lissafa mutum cikin masu ƙiba, kuma yadda ma'aunin ya ƙaru haka matsalolin tiyata ke ƙaruwa.

Mai shan taba dole ya daina aƙalla sati huɗu kafin aikin da kuma bayansa, domin nikotin yana tsuke ƙananan jijiyoyin da ke kai jini bakin rauni. Ciwon suga da hawan jini sai an daidaita su. Waɗanda aka rage wa tumbi sukan yi ƙarancin furotin da sinadarin ƙarfe da bitamin B12, kuma rauni ba ya warkewa da kyau a jikin da ya rasa waɗannan, don haka ana gwada jini a cike giɓin tukuna. Mai sikila yana da haɗari na musamman a duk tiyatar da ake sa barci, saboda haka wajibi ne likita ya sani tun farko. Haka nan duk maganin da mutum ke sha, ko na asibiti ne kamar asfirin da ƙwayoyin tazarar haihuwa, ko na gargajiya, ya kamata a faɗa.

Akwai cututtukan da ke kumbura cinya waɗanda ba ƙiba ba ce. Ɗaya ita ce lifidima, taruwar kitse mai ciwo a ƙafafuwa biyu wadda kusan mata kaɗai take kamawa, wadda likitoci biyu na asibitin Mayo a Amurka, Allen da Hines, suka bayyana a 1940. Ɗayar kuma kumburin limf ne. Wanda ke da kumburin limf tun da farko, wannan tiyata na iya ƙara masa shi.

Yadda ake yin aikin

Likita yana zana layukan yanka a jiki yayin da mutum ke tsaye, domin idan ya kwanta fatar tana zamewa gefe ta ɓoye ainihin yawanta. Yana matse fatar da hannu ya ga iya abin da za a cire ba tare da ɗinki ya yi tsauri ba. Galibi ana sa barci gaba ɗaya, a kwantar da mutum rigingine da ƙafafu a buɗe. Ana fara zuƙe kitse idan da buƙata, sannan a yanke fata. Ƙwararru da yawa sukan yanke kaɗan su rufe, su ƙara yankewa su rufe, domin cinya tana kumbura ana cikin aiki, kuma wanda ya cire fata da yawa a tashi ɗaya yana iya kasa haɗa bakin raunin. Ana ɗinki hawa-hawa, na ciki da zare mai ƙarfi a kan tantani, na waje da siririn zare. Wani lokaci akan bar siririn bututu na kwanaki domin ya tsotse ruwan da ke taruwa. Aikin kan ɗauki awa biyu zuwa huɗu.

Jinya

Ana so majinyaci ya tashi ya ɗan taka tun ranar farko ko washegari, domin kada jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa. Zai sa matsattsen wando na musamman na sati huɗu zuwa shida don rage kumburi. Buɗe ƙafafu sosai, tsugunno, da hawa babur duk suna ja wa ɗinki, kuma wanda banɗakin gidansa na tsugunno ne yana buƙatar ya tanadi na zama kafin ranar aiki. Tsabtace wurin da busar da shi bayan kowace shiga banɗaki yana cikin abin da ya fi muhimmanci. Mai aikin zaune kan koma bayan sati biyu zuwa uku, aikin ƙarfi da motsa jiki kuwa sai bayan kimanin sati shida. Kumburi na iya ɗaukar watanni kafin ya sauka duka.

Matsaloli

Matsaloli a wannan tiyata ba baƙin abu ba ne. Wani bincike da likitocin Jami'ar Pittsburgh suka wallafa a 2015 kan mutum 106 da aka yi wa aikin bayan babbar ramewa ya nuna kashi 68 cikin ɗari sun samu aƙalla matsala ɗaya. Adadin ya bi tsawon yanka: kashi 43 ga yankan kwance, 67 ga gajeren yankan tsaye, 74 ga wanda ya kai gwiwa. Yawancinsu ƙanana ne da aka magance ba tare da komawa ɗakin tiyata ba, kuma wadda ta fi yawa ita ce buɗewar wani ɓangare na ɗinki, wanda akan bar shi ya cike da kansa ana wanke shi ana sa bandeji. Duk da haka alƙaluman sun isa su sa mai niyya ya shirya wa jinya mai tsawo fiye da yadda tallace-tallacen asibitocin kuɗi ke nunawa.

Bayan buɗewar ɗinki akwai taruwar ruwa a ƙarƙashin fata, wanda ake zuƙewa da sirinji, wani lokaci fiye da sau ɗaya. Akwai shigar ƙwayoyin cuta, da taruwar jini, da mutuwar fatar bakin rauni, da rashin jin taɓi a cikin cinya wanda kan dawo a hankali ko ya ƙi dawowa duka. Kumburin ƙafa yakan wuce cikin watanni, amma a wasu 'yan kaɗan yana zama na dindindin. Cinyoyin biyu kuma ba lallai su fito daidai da juna ba.

Mafi haɗari shi ne gudan jini da ke daskarewa a jijiyar ƙafa ya ɓalle ya toshe jijiyar huhu, domin yana kisa. Alamominsa su ne ciwo da kumburi a ƙafa ɗaya, ko sarƙewar numfashi da ciwon ƙirji farat ɗaya, kuma duk wanda ya ji su bayan tiyata asibiti ya kamata ya nufa nan take. Doguwar tafiya a jirgin sama jim kaɗan bayan aiki tana ƙara wannan haɗari, abin da ya shafi masu zuwa ƙasashen waje domin a yi musu tiyata su dawo cikin 'yan kwanaki. Irin waɗannan matafiya suna da wata matsalar kuma: buɗewar ɗinki da taruwar ruwa sukan bayyana ne bayan sati ɗaya ko biyu, lokacin da likitan da ya yi aikin yake wata ƙasa.

Tabo

Tabon yakan yi kauri ya yi duhu a watannin farko, sannan ya lafa cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ga masu baƙar fata akwai ƙarin abin dubawa, domin sun fi fararen fata saurin yin keloyid, wato tabon da ke tsirowa ya wuce iyakar raunin, irin wanda ake gani a kunnen wasu mata bayan huji ko a ƙirjin wasu maza. Wanda ya taɓa yin irinsa, ko yake da shi a danginsa, ya kamata ya faɗa wa likita, tunda yankan da zai tashi daga matsematsi zuwa gwiwa a ƙafa biyu ba ƙaramin fili ba ne. Ana rage kaurin tabo da manna silikon ko allurar sitiroyid, amma babu abin da ke shafe shi.

Biyan kuɗi da cancantar likita

A yawancin ƙasashe ana ɗaukar aikin a matsayin na kwalliya, don haka mutum ne ke biya daga aljihunsa. A Faransa inshorar lafiya ta gwamnati tana iya ɗaukar wani kaso idan an yi babbar ramewa kuma likitan hukumar ya amince tun kafin aikin. A Birtaniya hukumar lafiya ta ƙasa ba ta cika biya ba sai an nuna fatar tana cutar da lafiya. A Najeriya likitan da ya cancanta shi ne wanda ke da rajista da Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, kuma ya kammala horon ƙwarewa a tiyatar gyaran jiki, ko dai a Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa ko a Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, ko wata makamanciyarsu a waje. Digirin likita kaɗai ba ya nuna an yi wannan horo, kuma majinyaci yana da damar neman a nuna masa shaidar kafin ya sa hannu a takardar amincewa.